Furen Yakuwa Bayan La'asar

Kaka ta yi. Ruwa ya ɗauke, gero ya shiga rumbu, dawa na jiran yanka, yakuwar da muka shuka a gefen gona kuma ta fara fure. Ita ba ta fure sai yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba, kuma furen nata ba ya kwana. Da hantsi za ka same shi a buɗe, fari mai ratsin ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja wur. Kafin la'asar ya naɗe, ya koma ruwan hoda, ya sunkuyar da kai. Haka danginta suke, kuɓewa da rama da auduga.

Shekara biyu ina sammako da waya don in kama furen nan yana kan ganiyarsa. Hotunan sun yi kyau, sai dai in ka ga ɗaya ka ga duka. Bana wata hidima ta tsare ni, ban isa gona ba sai da aka idar da sallar la'asar, na tarar duk sun yanƙwane. Har na mayar da wayar aljihu, sai idona ya faɗa kan wani fure da rana ke bayansa.

Na tsuguna, na sa shi tsakanina da ranar, wadda ta riga ta yi ƙasa. Hasken ya ratsa ta cikinsa kamar yadda yake ratsa tsohon mayafi da aka shanya. Jijiyoyin da ban taɓa gani ba da safe duk suka fito, siri-siri, daga gindi har baki. Bakin ya murɗe ya yi launin ƙasa, da wata 'yar huda inda ƙwaro ya ci, ga ƙurar hunturu ta kwanta a cikin lanƙwasar. Na taɓa fuskar wayar daidai kan furen don ta tsaya a kansa, na ja hasken ƙasa kaɗan, bayan furen ya yi duhu, jan ya ƙara nuna. Sai iska ta taso. Na riƙe numfashi, na dafe gwiwar hannu a kan cinya, na jira ta lafa.

Da tsakar rana ba za a samu wannan ba, domin hasken daga sama yake dukan abu, fari ya ƙone, inuwa ta yi baƙi ƙirin. Fitilar waya kuwa ta fi ɓarna, tana shafe duk wata lanƙwasa. Hazo, wanda kowa ke kuka da shi, shi ne abokin mai hoto a nan, don yana tausasa rana kamar an yafa mata ƙyalle. In gefe ɗaya ya yi duhu da yawa, farar takarda ta isa ta maido masa da haske. Daga baya na karanta cewa Irving Penn, mai ɗaukar hoto na Amurka, ya yi shekaru tun daga 1967 yana ɗaukar wa mujallar Vogue hotunan furanni, kuma waɗanda suka fara yaushi ya fi so. Littafinsa na furanni ya fito a 1980.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana ƙarƙashin furen. A gindinsa akwai ɗan ƙoƙo ja mai tsoka. Sai furen ya mutu ya faɗi, ƙoƙon nan yake kumbura, bayan mako biyu ko uku a tsinke shi. Shi ne zoɓo. Shi ake shanyawa a Jigawa, a cika buhuna, a yi ta lodi har Meziko. Ashe duk sammakon nan ado nake bi, aikin kuwa sai adon ya kau yake bayyana.

Kuma haka muke yi wa mutane, abin yana damuna ƙwarai. Wayoyinmu sun zo da filta mai goge tamoji, mu ɗauki tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana tuƙa tuwon gida, mu mayar da fuskarta sumul kamar ta 'yar tsana, mu ce mun gyara ta. Me muka gyara? Shaidar wahalar da ta sha a kanmu muka share.

Da aka kawo zoɓon gida, na sami Inna a tsakar gida tana ɓare shi a faifai, rana na shigowa ta kan katanga. Yatsunta sun rine ja, fatar bayan hannun ta tattare, jijiyoyi sun tashi. Na kashe filta, na durƙusa ta inda hasken zai biyo gefen hannun.

"Kai ɗan nan, me za ka ɗauka a hannun tsohuwa?"

"Inna, ki dai ci gaba da aikinki."

Ta yi murmushi, ta ɗauki wani ƙoƙon, ta tsaga shi da farce.