Tawakkali Ko Ganganci? Darasi Daga Masu Nutso Da Kifin Shak

Wani ɗalibi daga Rimin Gado ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya ga mutane a talabijin suna nutso cikin teku tare da kifin shak, mai haƙoran nan kamar zarto, to shin wannan jarumtaka ce ko kuwa jefa kai ga halaka ne?

Kafin hukunci, sai a san abin da ake yi wa hukuncin. Tun shekarar 1943, da Jacques Cousteau da Emile Gagnan na Faransa suka ƙera na'urar numfashi ta ƙarƙashin ruwa, mutum ya sami ikon goya tukunyar iska ya daɗe a ƙasa. A Afirka ta Kudu akan sa baƙi cikin kejin ƙarfe a zura su, a Bahar Maliya kuwa sukan shiga ba keji. Masu yi suna cewa galibi kifin yakan kewaya su ne ya wuce abinsa. Irinsa ya haura 500, kaɗan ne masu far wa mutum, kuma waɗanda yake kashewa a duniya duka ba kasafai suke wuce goma a shekara ba. Amma haɗarin yana nan, domin a Disamba 2010 ya kashe wata Bajamushiya a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar.

Nutso a kansa ba laifi ba ne. Suratul Anbiya, aya ta 82, ta ba mu labarin masu yi wa Annabi Sulaimanu (A.S.) nutso. Amma aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu ga halaka, kuma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Daga nan malamai suka fahimci cewa abin dubawa shi ne abin da ya rinjaya. In kuɓuta ce ta rinjaya, an halatta. In halaka ce, an hana. Saboda haka wanda ya koyi aikin, ya duba kayansa, ya bi jagora, don neman ilmi ko abinci ko duba ikon Allah, ba mu ce ya yi laifi ba. Wanda kuwa ya tsokani dabbar don a ɗauke shi hoto a yaba masa, ya yi wasa da rai, alhali rai amana ce a hannunsa.

To, mu dawo gida. Rimin Gado ba ta da teku, amma muna da kududdufai da rijiyoyi, ga madatsun ruwa kewaye da mu. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, kwalekwalen da aka cika maƙil ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Kowa ya ce ajali ne, kuma gaskiya ne. Sai dai ajali ba ya wanke mai sakaci daga alhaki. Abin kunya ne a ce mai shiga wurin kifin shak yana lissafin iskarsa kafin ya nutsa, mu kuwa da muke karanta waɗannan ayoyi muna loda wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa, muna barin yara su faɗa kududdufi da damina ba babba a kusa, sa'an nan mu kira wannan tawakkali.

Jarumai na ainihi su ne masuntan da ke faɗawa ruwa su tsamo wanda ya nutse. Su ma sun sa ransu a haɗari, amma da sani, kuma don ceton wani, ga shi aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta kamanta raya rai guda da raya mutane duka.

Don haka muna kira ga iyaye da limamai da masu unguwanni su tsawata. Mai jirgi ya ƙidaya mutanensa, mai yasar rijiya ya ɗaura igiya ya sa mai tsaye a baki, yaro kuma a koya masa iyo a gaban wanda ya iya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyashe mu da ganganci. Amin.