Manjan Indunusiya: shin hukuma na da hurumin sa baki a farashi?

A farkon 2022 mata sun yi ta bin dogayen layuka a Indunusiya suna neman man girki, alhali babu ƙasar da ta kai tasu samar da manja. Gwamnati ta ƙayyade farashi, mai ya ɓace daga kantuna. Daga 28 ga Afrilu, Shugaba Joko Widodo ya hana fitar da shi waje.

A mahangar Musulunci, Manzon Allah (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina, amma ya hana ɓoye kaya. Ibn Taimiyya ya halatta ƙayyadewa idan 'yan kasuwa suka ƙuntata wa jama'a, kuma fahimtarsa ta dace da kasuwar da manyan kamfanoni suka mamaye.

Sai dai ƙananan manoman Indunusiya ma talakawa ne. Da aka hana fitar da man, farashin kwakwarsu ya faɗi warwas, aka ɗage haramcin ranar 23 ga Mayu.