"Na Mutu!" A Bakin Yaranmu

'Yan uwana mata, duk mai yara a makarantar boko ta san kalmar nan ta Turanci, "dead". Ma'anarta ta asali matacce. Amma ki saurari yadda ake juya ta. Waya in cajinta ya ƙare "dead" ce, hanyar da ba ta ɓullewa "dead end". Yarinya ta fasa kofin tangaran, sai ta dafe kai ta ce "I'm dead", wai yau Mama za ta gama da ita. Ita kuwa "deadline" da maigida ke ambata in aikin ofis ya matse shi, asalinta ba abin wasa ba ne. A yaƙin basasar Amurka, a sansanin fursunoni na Andersonville cikin 1864, layi ne aka shata kusa da katanga, duk fursunan da ya tsallaka shi harbe shi ake yi.

To, laifi ne a riƙa jan sunan mutuwa cikin hira haka? Wasu iyaye na ganin yawan ambatonta a wasa yana cire tsoronta daga zuciya, alhali an kwaɗaitar da mu tuna ta don mu gyara aiki.

Ni dai ban ga laifin aron kalmar ba. Ai mu ma haka muke. Mota ta mutu a hanya, kasuwa ta mutu, jikina ya mutu, ga kuma mutuwar aure da kowaccenmu ke neman tsari da ita. Alƙur'ani kansa ya kira busasshiyar ƙasa matacciya, wadda ruwan sama ke rayawa.

Sai dai Bahaushe ya ware mutum daban. Akuya mutuwa take yi, mutum kuwa rasuwa. A ce ya riga mu gidan gaskiya, ko Allah Ya yi masa cikawa, a kira shi marigayi, a bi da addu'a. Turawan ma in suna gaban mai makoki "passed away" suke cewa. Abin da ke damuna, yaranmu sun tashi tsakanin harsuna biyu, ladabin ko ɗaya bai zauna musu ba. Sai ki aiki yaro da saƙon rasuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wa dattijuwa, "Ƙaninki ya mutu," kamar yana maganar batir. Shi bai san ya yi komai ba, don ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa.

Kuma kafin mu tsawata musu, mu saurari namu bakin. Yarinyar da ta ce "I'm dead" tsoron faɗa take ji, ba mutuwa take nema ba. Amma uwar da ranta ya ɓaci ta ce wa 'yarta "mutuwa ta ɗauke ki na huta", ita addu'a ta yi, kuma an hana mu mugun baki a kan 'ya'yanmu don kada ya dace da sa'ar amsawa. Duk a kan kofi ɗaya da ake sayarwa a kowace kasuwa.