Ciwon da Ya Ƙi Tafiya: Shin Rashin Bangaskiya Ne?



Wani dare a watan Disamba, lokacin da sanyin hunturu ya yi tsanani, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa aka ce in hanzarta zuwa asibiti. Ɗan wata 'yar'uwa ne, yaro ɗan shekara 14 mai ciwon sikila. Na same shi a kwance yana murƙususu, idanunsa sun yi ɗorawa, uwarsa na tsaye a kansa. Bayan an ƙara masa jini ya sami barci, sai ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ya faru. Makonni kaɗan kafin nan ta kai shi wani taron addu'ar dare. Mai wa'azin ya ɗora masa hannu, ya ce ya warke, ya kuma ce duk wanda ya koma ga magani bayan wannan addu'a ya ƙaryata Allah. Ta koma gida ta ɓoye magungunan, ta daina kai shi ganin likita. Sai ta dube ni ta ce, "Baba Fasto, ka gaya mini gaskiya. Ni ce ba ni da bangaskiya, ko kuwa akwai zunubin da Allah bai gafarta mini ba?"

A daren nan ban ba ta amsa mai gamsarwa ba. Amma tambayar ba ta bar ni ba, domin ba tata ce ita kaɗai ba. Mai hawan jini yana yin ta, haka mai ciwon suga, da mai farfaɗiya, da wanda ake yi wa wankin ƙoda, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara da shekaru. Da yawa ba sa furta ta, suna zaune da ita a kan bencin sujada suna sauraron shaidar waɗanda suka warke.

Abin da ke cikin jini

Bari mu fara da abin da Allah ya ba 'yan Adam ikon ganewa. Sikila, wadda waɗansu ke kira amosanin jini, gadonta ake yi. Idan uba yana da AS, uwa ma tana da AS, to a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi ɗa mai SS. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120 suna aiki, na mai sikila kuwa sukan lalace cikin kwana 10 zuwa 20. Sukan kuma lanƙwashe kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan ne zafin ƙashi mai tsanani yake fitowa. Sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓin cizon sauro, duk suna tayar da shi. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 masu wannan ciwo a Nijeriya kowace shekara. Cikinsu akwai 'ya'yan Kirista da na Musulmi, 'ya'yan fastoci da na waɗanda ba su taɓa shiga majami'a ba. Jini ba ya tambayar addinin mutum ko yawan azuminsa.

Iyayenmu sun taɓa yin irin wannan kuskure game da kuturta. An daɗe ana ɗaukarta la'ana, ana korar masu ita bayan gari. Amma a 1873 wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar da ke kawo ta. Mishan suka buɗe wuraren kula da kutare a ƙasarmu, kamar na Garkida a 1929. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗin magungunan da ke warkar da ita, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa. Sai mu tuna da mutanen da suka mutu suna zaton Allah ya juya musu baya, alhali ƙwayar cuta ce, mu kiyaye harshenmu.

Hukuncin zunubi ne?

Ba za mu ɓoye ba, Littafi Mai Tsarki ya nuna cewa wani lokaci ciwo yakan biyo bayan zunubi. Manzo Bulus ya faɗi haka game da waɗanda suka wulakanta Jibin Ubangiji (1 Korantiyawa 11:30). Mu ma mun ga wanda giya ta cinye masa hanta. Amma cewa wani ciwo daga zunubi yake dabam, cewa kowane ciwo daga zunubi yake kuma dabam. Magana ta biyu ita ce ta abokan Ayuba. Sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba, a nan sun yi daidai. Da suka buɗe baki sai suka dage cewa lalle akwai laifin da yake ɓoyewa. A ƙarshe Allah ya yi fushi da su, ba da Ayuba mai kuka ba, domin sun faɗi abin da ba daidai ba game da shi (Ayuba 42:7).

Almajiran Yesu ma sun yi wannan tunani sa'ad da suka ga mutumin da aka haifa makaho. Suna so su san a kan wa za a ɗora laifin, shi ko iyayensa. Ubangiji ya kawar da duka biyun, ya mai da hankalinsu ga abin da Allah zai yi a cikin rayuwar mutumin (Yahaya 9:1-3). Almajiran suna neman mai laifi, Yesu kuwa yana duban mutum mai bukata.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyi. Mun gaskata cewa Almasihu ya ɗauki hukuncin zunubanmu a kan gicciye. Idan haka ne, duk wanda ya ce wa mai bi da ya tuba wai ciwonsa biyan bashin zunubi ne, yana cewa ke nan gicciye bai isa ba.

Ƙarancin bangaskiya ne?

Masu wannan koyarwa sukan kawo matar da ta yi shekara 12 tana zubar da jini, wadda Yesu ya yaba wa bangaskiyarta (Markus 5:25-34). Gaskiya ne, mun kuwa gaskata. Amma mai karatu na gaskiya ba ya tsayawa a aya ɗaya. Annabi Elisha, wanda Allah ya warkar da Na'aman ta wurinsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya rasu (2 Sarakuna 13:14). Timoti yana fama da ciwon ciki da yawan laulayi, Bulus bai tsawata masa ba, shawarar abin da zai sha ya ba shi (1 Timoti 5:23). Bulus ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya (2 Timoti 4:20). Shi kansa ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa abin da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, alherin ɗaukarta aka ba shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Wa zai tashi a cikinmu ya ce ya fi Bulus bangaskiya? A Gatsemani kuma, Ɗan Allah ya yi addu'a sau 3 game da ƙoƙon wahala, ya miƙa kansa ga nufin Uba, ya sha shi har ƙarshe.

Ashe kuwa bangaskiya ba kuɗi ba ce da za a ajiye a kan tebur a sayi warkarwa. Idan da haka take, to Allah ya zama ɗan kasuwa, mai addu'a kuma ya zama mai iko a kansa. Bangaskiya dogara ce ga Uba, ko ya amsa da i, ko da a'a, ko da jira. Sau da yawa ma, wanda ya yi shekara 20 yana farkawa da ciwo kowace safiya, bai kuwa daina kiran sunan Yesu ba, ya fi mu da ke tsaye a kansa muna yi masa wa'azi zurfin bangaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Magani da addu'a

Shin shan magani raina ikon Allah ne? Sa'ad da Allah ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, annabi Ishaya ne da kansa ya ce a manna masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Luka, marubucin Bishara da Ayyukan Manzanni, likita ne. Mukan roƙi abincin yini, amma ba wanda ya rataye fartanya ya ce noma rashin bangaskiya ne. Wanda ya ba da ruwan sama shi ne ya ba da basirar da aka gano insulin a Toronto a 1921, maganin da ya hana ciwon suga irin na yara zama hukuncin kisa. Shi ne kuma ya ba da basirar haidiroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin sikila, da magungunan ƙanjamau da ke danne ƙwayar cutar muddin ana sha kullum. Wanda ya daina su, ƙwayar takan farfaɗo, har ta iya ƙin jin maganin daga baya.

Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Ubangiji ya kira wannan gwada Allah (Matiyu 4:5-7). Zubar da magani don a nuna bangaskiya irin wannan dirowa ce. Idan Allah ya warkar da kai, gwajin asibiti ba zai ƙaryata shi ba. Yesu da kansa ya aiki kutaren da ya warkar wurin firistoci su duba su.

Wani zai ce, ai wannan magana za ta kashe wa mutane zuciyar roƙon mu'ujiza. Tambaya ce mai kyau. Ba mu ce a daina roƙo ba. Yakubu ya umarci marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai (Yakubu 5:14), kuma mu ci gaba da yin haka da dukan zuciya. Abin da muke ƙi shi ne a yi alkawari da sunan Allah a kan abin da bai alkawarta ba, sa'an nan in bai cika ba a ɗora laifin a kan mai ciwo. Wannan ƙara wa mutum kaya ne a kan wanda yake ɗauke da shi.

Zuwa gare ka, mai ciwo

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, kuka ba zunubi ba ne. Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, Ruhu Mai Tsarki kuwa bai cire ta daga Littafi ba. Ka faɗa wa Allah gajiyarka yadda take. Ranar da ba ka iya yin addu'a ba, ka tuna da shanyayyen da abokansa 4 suka ɗauko suka zuro ta rufin ɗaki. Bangaskiyarsu ce Yesu ya gani (Markus 2:5). Ka bar 'yan'uwa su ɗauke ka, wannan ba abin kunya ba ne. Darajarka ba ta rataya ga abin da jikinka ke iya yi ba. Mefiboshet bai taɓa warkewa daga gurguntakarsa ba, duk da haka a teburin sarki ya ci abinci kamar ɗan gida. Ka sha maganinka da godiya, ka kiyaye ranar ganin likita. Idan sikila ce, ka yawaita shan ruwa, ka kwana cikin gidan sauro, ka rufe jiki lokacin sanyi. Kada ka saurari masu cewa mai sikila ba ya tsufa. Akwai masu ita da suka yi karatu, suka yi aiki, suka ga jikoki.

Zuwa gare mu, ikilisiya

Mun iya gaisuwar makon farko. Amma ciwon da ya ƙi tafiya yana bukatar mai zuwa a wata na shida da shekara ta biyar, lokacin da kowa ya gaji. Zumunta a ƙafa take. Zumuntar mata, da ta maza, da ta matasa, su raba gidajen marasa lafiya a tsakaninsu. A keɓe wani abu daga baiko don kuɗin magani. Matasa masu ƙoshin lafiya su ba da jini. A kai Jibin Ubangiji ga waɗanda ba sa iya fitowa. A tuna da masu jinya, domin su ma sukan gaji har su rasa wanda za su gaya wa. Mu ƙarfafa samari da 'yan mata su yi gwajin jini tun kafin magana ta yi nisa, ba ana saura mako biyu ɗaurin aure ba, amma kada mu mai da wannan sandar dukan iyayen da suka riga suka haifa. Ranar 19 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe a 2008 domin sikila, dama ce ta gayyato ma'aikatan lafiya su koyar da jama'a. A lokacin shaida kuma, a ba da wuri ga wanda zai ce bai warke ba, amma Ubangiji ya riƙe shi shekara guda kuma.

Na koma wurin 'yar'uwar nan bayan an sallami ɗanta. Na ce mata, "Mama, wadda ta yi shekara 14 tana goyon yaro zuwa asibiti da tsakar dare, tana kiran sunan Yesu a hanya, ba a ce mata marar bangaskiya." Ta yi shiru, sa'an nan ta tashi ta ɗauko magungunan daga inda ta ɓoye su. Muka yi addu'a, yaron ya sha. Har yanzu yana da sikila, har yanzu muna roƙon warkarwarsa. Muna kuma jiran ranar da wannan jiki mai ruɓewa zai sami tashi marar ruɓewa, a gaban Mai Ceto wanda ya tashi da tabon ƙusoshi a hannuwansa, wanda ya san zafin jiki domin ya ɗanɗana.

Ubangiji ya ƙarfafa marasa lafiyarmu da masu jinyarsu, ya kuma koya mana zama tare da su. Amin.