Ya Yi Tafiya, Ko Kewaya Kawai Ya Yi?

A wasu makarantun Birtaniya akwai wata dabara ta sa yara motsa jiki. Ana liƙa taswirar ƙasa a bangon aji, a ja layi daga Land's End, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, zuwa John o' Groats a arewacin Sukotlan, wajen kilomita 1,400 ta hanyar mota. Kullum ƴan lakwal su fito fili, mai gudu ya yi gudu, mai takawa ya taka. Mushe ya haɗa abin da kowa ya yi, ya matsar da alama gaba a kan layin. Aji mai ɗalibai 30, in kowa na yin mil guda, kilomita 1.6 ke nan, cikin kwana 30 na karatu sun ƙure layin. Sai su yi shewa su ce: "Mun isa!"

Dalilin abin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar awa guda ta motsa jiki kowace rana, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna matasa huɗu cikin biyar ba sa cika wannan. Ni dai tambayata daban ce: wannan "mun isa" gaskiya ce ko ƙarya?

Harshenmu ma ya sa tambayar ta yi daɗi. Kalma guda, tafiya, ko tahiya yadda muke faɗa a Maraɗi da Tawa, tana ɗauke da ma'ana biyu. Jariri ya fara tafiya. Baba ya yi tafiya. Ta farko aikin ƙafa ce, ta biyu rabuwa da gida. Yaran nan sun yi ta farko har da zufa. Ta biyun fa, ko ƙofar makaranta ba su ƙetare ba. Da Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, ta biyu yake nufi: ka zama baƙo, ka roƙi ruwa a gidan da ba a san ubanka ba, ka ji an kira abu da sunan da ba ka taɓa ji ba. Taswirar bango ba ta ba mutum wannan.

To amma ban kira su maƙaryata ba. Ƙarya sai da wanda ake so a ruɗa. A nan kuwa kowa ya san wasan, kamar yadda mai sauraron tatsuniya ya san gizo bai taɓa magana ba. Ba wanda aka cuta da "mun isa".

Inda gaskiya take da aiki shi ne wajen ƙidaya. Mushe ba ya iya bin bayan yara 30. Ka kewaya fili sau uku, aka tambaye ka, kana iya cewa biyar, ba mai ganewa. Ka ga wuri ƙagagge ne, amma lissafin kowa ya rataya ga bakinka. In ka ƙara biyu na banza, alama za ta matsa, ƙirjinka kuwa bai ƙaru da komai ba, kuma ka gurɓata gumin abokinka mai ƙiba wanda ya yi ɗaya tak da ƙyar ya faɗi ɗaya. Matafiyin gaske ba ya samun wannan jarrabawa: wanda ya nufi Damagaram daga Yamai, in ya tsaya Dogondutse, hanya da kanta za ta tona shi. Mai tafiyar taswira ba shi da mai tona shi sai ransa.

Shi ya sa nake ganin wasan ya fi ƙarfin motsa jiki kawai. Yana koya wa yaro faɗin adadi na gaskiya a inda ƙarya ba ta da hukunci. Mu ma, ƴan'uwa, gobe za a ba mu rajista, a ce mu rubuta awa nawa muka koyar, buhu nawa muka raba, yara nawa aka yi wa allura. Sau da yawa ba mai zuwa ya duba. Ranar nan, sau nawa za ka ce ka kewaya?