GYARA KO ƁOYE AIBI?

Ƴan uwa, a ƙauye kowane magidanci ɗan gyara ne. Ƙota ta karye, shi zai sassaƙa wata. Ƙafar kujera ta fita, shi zai mayar. Ƙofa ta saki, shi zai buga kusa. Wannan ba abin kunya ba ne. Gidan da ake gyara shi ne gidan da kuɗi yake zama. Amma akwai tambaya guda da nake son mu duba tare: in mutum ya gyara abu, ya rufe wurin har ba a gani, gwaninta ya yi ko ƙarya?

Ban ɗauko tambayar nan daga bakin kowa ba. A gidana ta same ni.

Wata shekara bayan kaka aka yi mana haihuwa. Baƙi sun yi yawa, turmi ɗaya bai isa ba. Mai ɗakina ta aro turmin wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Turmin kirya ne, da shi aka kawo ta gidan miji. Kowa ya san kirya: icce ne mai tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi, maƙera ma gawayinsa suke nema. Amma ba ya saurin girma. Fari na 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a ƙasarmu, gatari kuma ya bi saura. Babbar kirya da za a fafe turmi da ita ta yi wuyar samu a wurare da yawa.

Ranar suna ƴan mata suka yi ta daka. Da yamma turmin ya faɗi a kan dutse, ya tsage daga baki zuwa ciki, tsawon yatsa. Da na gani sai gabana ya faɗi. Ba ni da kuɗin sabo, ragon suna ya cinye abin hannuna. Kunya kuma ta kama ni.

Da dare na jiƙa ƙaro, na kwaɓa shi da garin katako, na cusa a cikin tsagar. Da ya bushe na goge, na shafa mai da gawayi. Ko a rana tsaka ba ka ganin wurin. Har na ji daɗin aikina. Muka mayar da turmi, muka yi godiya, ban ce kome ba.

To, ƙaro ba ya shiri da ruwa. Surfe kuwa sai an yayyafa ruwa. Kwana shida bayan haka jikar tsohuwar tana surfen hatsi, sai cikon ya narke, tsagar ta buɗe, ta ƙara tsawo. Ta kan danga na ji uban yarinyar yana yi mata faɗa. Na ji kukanta, tana rantsuwa ba ita ba ce. Ranar nan tuwo bai shiga cikina ba.

Da safe na je na durƙusa gaban tsohuwar. Na ce: «Inna, yarinyar nan ba ta da laifi. A gidana turmin ya tsage, ni na rufe wurin.»

Ta yi shiru, ta daɗe. Sannan ta ce: «Ɗana, icce ne, dole wata rana ya tsage. Da ka faɗa mini tun farko, da mun ɗaure shi tun tsagar tana ƙarama. Yanzu ka ƙara mini tsaga, ka kuma sa an zagi jikata.»

Maganar nan ta nuna mini cewa abin da na yi ba gyara ba ne. Ga bambancin. Gyara yana mayar wa abu ƙarfinsa. Ɓoye aibi kama kaɗai yake mayarwa. Mai gyara yana tunanin wanda zai yi aiki da abin gobe. Mai ɓoyewa kansa yake tunani, yadda zai tsira yau.

Ku dubi gyartai. In ƙwarya ta fashe, yana huda gefe da gefe da basilla, ya ɗinke. Ɗinkin yana fili, kowa na gani. Matar da ta ɗauki ƙwaryar ta san inda rauninta yake, sai ta riƙe ta da hankali. Ɗinkin nan bai yi kyau ba, amma gaskiya yake faɗi. Haka mai gyaran keke. In ya yi faci, na kirki zai ce maka: «Wannan facin na huɗu ne, ka nemi sabuwa kafin tafiya mai nisa.»

Wani zai ce: «Ashe gyara mai kyau laifi ne? Ai gwanin kafinta shi ne wanda ba a gane inda ya taɓa.» Gaskiya ne, kuma ba laifi. In ka gyara kujerar gidanka, ka goge, ka shafa fenti, baƙo ya zauna bai gane ba, ba ka cuci kowa ba, muddin kujerar ba za ta kayar da shi ba. Rufin asiri abu ne mai kyau. Ba wanda ya ce ka tallata talaucinka a kasuwa. Ɓoye wa ido ba kome ba ne. Abin da ba ya halatta shi ne ɓoye wa mai haƙƙi.

Su wa ke da haƙƙi? Mutum uku ne. Na farko, mai abin, in aro ka yi. Na biyu, mai saye, in sayarwa za ka yi. Wanda ya cika tsagar akushi da ƙaro ya kai kasuwa a kan lafiyayye ne, algus ya yi, daidai da mai zuba ruwa a nono. Na uku, wanda zai ɗora ransa a kan abin. Igiyar da mai yasar rijiya zai sauka da ita, azarar da ke riƙe da rufin ɗaki, tsanin da ake hawa rumbu: waɗannan ba a yi musu gyaran ganin ido. In gara ta ci cikin azara, yaɓe ba ya ƙara mata ƙarfi. Canza ta za a yi kafin damina.

Ga ma'auni mai sauƙi. Kafin ka rufe wurin gyara, ka tambayi kanka: in mai haƙƙi yana tsaye a kaina, zan ci gaba? In za ka ci gaba, gyara kake yi. In sai ka jira dare kamar yadda na jira, to ka san sunan aikinka.

Daga baya ni da ɗan tsohuwar muka yi abin da ya kamata tun farko. Muka jiƙa kiri na fatar sa, muka naɗe bakin turmin da shi tam. Ɗanyar fata in ta bushe takurewa take yi, sai ta matse iccen. Na ba yarinyar haƙuri a gaban ubanta. Turmin ya ƙara shekaru yana aiki, da ɗaurinsa a fili. Bai koma yadda yake da ba, ni ma na daɗe kafin in iya haɗa ido da mutanen gidan.

Ƴan uwa, ku yi shawara a kan wannan a ajinku na yaƙi da jahilci. In kayan aro ya lalace a hannun mutum ba da gangan ba, me ya kamata ya yi: ya gyara, ya biya, ko ya fara faɗi? A nawa gani, ya fara faɗi. Sauran biyun suna zuwa da sauƙi.