WA KE DA IKON CEWA A DAKATA?

Babu wurin aikin da ba a samun babba da ƙarami. A asibiti akwai likita da masu jiyya, a makaranta akwai hedimasta da malamai, a gareji akwai maigida da yaransa. Wannan tsari ba mugun abu ba ne, gama aikin da ba shi da jagora ya kan watse. Amma akwai tambayar da ta kamata mu yi tunani a kanta: idan babba ya kama hanyar kuskure, wa ke da ikon ce masa ya dakata?

Bari mu duba abin da ya faru ran 27 ga Maris, 1977, a tsibirin Tenerife, wanda ke cikin teku yamma da Maroko, ƙarƙashin mulkin Sifen. Manyan jiragen sama biyu suna kan hanyar tashi guda, ɗaya na kamfanin KLM na Holan, ɗaya na Pan Am na Amurka. Hazo ya rufe filin, har matuƙan ba su ganin juna. Kyaftin na jirgin KLM kuwa shi ne shugaban masu koyar da tuƙi a kamfaninsu. Ya zaci an ba shi izinin tashi, alhali ba a ba shi ba, sai ya saki jirgin da gudu. Injiniyan da ke zaune bayansa ya ji wata magana a rediyo wadda ta sa shi shakka, ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya kauce. Kyaftin ya amsa da ƙarfi, ya ce ya kauce. Injiniyan bai ƙara magana ba. Nan da nan jiragen suka yi karo, mutum 583 suka hallaka.

Masu bincike sun sami dalilai da yawa, har da hazon da ruɗewar magana a rediyo. Amma sun kuma lura cewa ƙarami ya hangi hatsarin, girman shugabansa kuwa ya rufe masa baki. Saboda wannan da waɗansu hatsarori irinsa, a 1981 kamfanin United Airlines na Amurka ya fara horar da matuƙansa a kan sabuwar hanya: wajibi ne ƙarami ya faɗi abin da ya gani a fili, wajibi ne kuma kyaftin ya saurara. Yau irin wannan horo ya zama ka'ida a aikin jiragen sama na duniya.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ba zai ɗauki wannan baƙon darasi ba. A Fitowa sura 18 mun iske Musa zaune tun safe har yamma, shi kaɗai yana yi wa jama'a shari'a. Surukinsa Yetro ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa, ya gajiyar da mutanen. Ya ba shi shawara ya zaɓi amintattu, masu tsoron Allah, masu ƙin cin hanci, ya sa su bisa dubu dubu, ɗari ɗari, hamsin hamsin da goma goma. Mu lura da abu biyu. Na fari, Musa ya karɓi gyara daga baƙo wanda ba Ba'isra'ile ba. Na biyu, waɗanda aka naɗa ba 'yan aike ba ne kawai. An ba su ikon yanke ƙananan shari'u da kansu, masu wuya ne kaɗai su ke kawowa gaban Musa.

Watakila wani zai ce, ai ba a sarki biyu zamani ɗaya, idan kowa ya sami baki aiki zai lalace. Akwai gaskiya a cikin wannan. Bayan shawarar Yetro Musa bai daina zama shugaba ba, har yau kuma kyaftin ne ke yanke magana ta ƙarshe a cikin jirgi. Amma yanke magana ta ƙarshe dabam ne da hana kowa magana. Shugaba yana da ido biyu kamar sauran mutane, akwai kuwa abin da mai shara ya sani game da ɗakin majinyata wanda likita bai sani ba. Wanda ya toshe bakin na ƙasa da shi, idon kansa ya rufe.

Ga kuma labarin Na'aman a 2 Sarakuna sura 5. Sarkin yaƙin Suriya ne, kuturu kuwa. Sa'ad da annabi Elisha ya aika masa ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun, ya husata ya juya zai tafi. Barorinsa ne suka matso da ladabi suka nuna masa wautar fushinsa. Ya ji maganarsu, ya warke. Da ya saba tsawata wa duk baran da ya buɗe baki, da ya koma gida da kuturtarsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa yana da nasa kaya. Kai da a ke kira maigida, iko amana ne, za ka kuwa ba da lissafinsa. Idan ka ɗora wa mutum aiki, ka ba shi ikon da zai cika shi. Idan yaronka ya gyara maka kuskure, ka gode masa a gaban sauran, gama abin da suka ga ka yi masa yau shi zai nuna musu ko su yi magana gobe. Kai kuma da ke ƙarƙashin wani, shiru a lokacin hatsari ba ladabi ba ne. Ka yi magana da girmamawa, a fili, idan ba a ji ba ka sake faɗa.

Tambayoyi domin nazari:

1. A wurin aikinka, yaushe ne rabon da ƙarami ya gyara wa babba kuskure? Me aka yi masa?

2. Wane aiki ne ka riƙe kai kaɗai wanda ya kamata ka danƙa wa wani?

3. A taron dattawan ekklesiyarku, ana jin muryar mata da matasa kafin a yanke shawara?